Yadda Ake Gano Abin da Ke Karkatar da Rubutu a Na'urar Zane ta Hasken Leza

Gabatarwa

A lambun tsirrai na sashenmu kowace bishiya tana da ɗan allo mai ɗauke da sunanta na Hausa da na kimiyya. Da can da fenti ake rubuta sunayen, amma damina biyu ko uku sun isa su goge rubutun. Saboda haka da aka samu ƙaramar na'urar da ke zane a kan katako da hasken leza, sai muka yi shawarar sabunta allunan gaba ɗaya. Ka'idar masana tsirrai ce a rubuta sunan kimiyya da haruffa masu ɗan kishingiɗa, don haka da sunan kuka, wato Adansonia digitata, ya fito a kishingiɗe babu wanda ya ce uffan. Sai da wani ɗalibi mai lura ya nuna mana cewa ita ma kalmar "Kuka", wadda muka tsara a miƙe, ta karkata. Kafin nan kuwa mun riga mun ɓata alluna shida.

Nan take kowa ya kawo nasa magani. Wani ya ce kwamfutar ce ta kamu da cuta, wani ya ce a kwance na'urar baki ɗaya. Ashe wani ɗan sukuru ne da bai kai girman ƙwayar shinkafa ba ya saki. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa mai koyo cewa karkataccen rubutu alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama ga likita, kuma wanda ya iya karanta alamar ba ya buƙatar lalube.

Yadda na'urar take aiki

Theodore Maiman ne ya fara samar da hasken leza a Amurka a shekarar 1960. A 1964 kuma Kumar Patel ya ƙirƙiro irin wanda ake samarwa da iskar kabon dayokzaid, wanda har yau da shi manyan na'urorin zane a kan katako da fata suke aiki. A cikin irin waɗannan na'urori hasken yana fitowa daga wani dogon bututun gilashi da ake sanyayawa da ruwa, ya bi ta madubai uku, sa'an nan ya faɗa kan gilashin da ke tattara shi wuri guda har ya zama ɗigo mai zafin da ke ƙona katako. Akwai kuma ƙananan na'urori masu shuɗin haske, waɗanda ba su da bututu ko madubai, domin mafitar hasken tana manne ne a jikin kan da ke yawo.

Hasken shi kaɗai ba ya rubuta kome, sai an yi yawo da shi. Kan na'urar yana tafiya dama da hagu a bisa wata gada ta ƙarfe, ita kuma gadar tana tafiya gaba da baya. Ƙananan injuna masu juyawa taki-taki ne ke jan su. Galibin injunan nan suna yin taki 200 kafin su cika zagaye guda. A bakin sandar kowane inji akwai ɗan gargare mai haƙora da makanikai ke kira fuli, shi ne ke jan bel mai haƙora, bel ɗin kuma ya ja kan. Idan fuli yana da haƙora 20, tsakanin haƙori da haƙori na bel kuma milimita 2 ne, to zagaye guda zai tafi da kan milimita 40. Idan aka rarraba kowane taki gida 16, za a samu ƙananan taki 3,200 a zagaye, wato taki 80 ke nan a kowace milimita.

Abin lura a nan shi ne, yawancin ƙananan na'urori ba su da hanyar sanin inda kan yake a zahiri. Ƙirga taki kawai suke yi, kamar mai tafiya cikin duhu. Idan bel ya zame ko inji ya tsallake taki, na'urar ba ta sani ba, za ta ci gaba da rubutu a inda take zaton daidai ne.

Gwajin farko

Kafin a taɓa kome, a samu guntun katako ko kwali, a sa na'urar ta zana murabba'i mai milimita 100 a kowane gefe, da da'ira a cikinsa. A auna gefunan huɗu da rula, sa'an nan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Awon nan biyu na gicciye ya kamata su zama daidai da juna, wajen milimita 141.4 kowanne. A duba kuma ko da'irar ta haɗe a inda ta faro. Wannan gwaji bai fi na minti biyu ba, amma yana bayyana ko matsalar tana hanyar dama da hagu ne ko kuwa ta gaba da baya.

Alamomi da ma'anarsu

Alama ta farko ita ce rubutu ya fito a juye, kamar an duba shi a madubi. Wannan ba lalacewa ba ce. Manhajar kwamfutar ce aka gaya wa mafarin aiki yana wata kusurwa alhali na'urar tana farawa daga wata dabam, ko kuma an bar umarnin juya zane a kunne. Masu yin hatimi da gangan suke juya rubutu, don haka wanda ya gaji na'ura daga hannunsu ya fara duba nan.

Ta biyu, haruffa su fito a miƙe amma sun yi tsawo ko sun matse, da'ira ta koma kamar ƙwai. Idan kuskuren bai canzawa duk lokacin da aka maimaita gwajin, to lissafin taki ne bai daidaita ba. Gyaransa lissafi ne na aji ɗaya na sakandare: a ninka tsohon adadin taki da tsawon da aka nema, a raba da tsawon da aka samu. Misali, idan an nemi milimita 100 aka samu 98, kuma adadin da ke ciki 80 ne, to 80 sau 100 a raba da 98 zai ba da 81.6. Sai dai kada a yi gaggawar canza wannan adadi kafin a tabbatar bel da fuli lafiya suke, domin in ba haka ba an rufe ciwo ne da tsumma.

Ta uku ita ce irin wadda ta same mu, wato rubutu ya kishingiɗa. Na'urar tana cike harafi ne layi bayan layi, kan yana kai da komowa da sauri. Idan a kowace juyawa fuli ya ɗan zame a kan sandarsa, ko inji ya rasa taki, kowane layi zai goce kaɗan daga na bayansa, har gociyar ta taru ta zama karkata. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A kashe na'urar, a ja layi da alƙalami daga bakin sandar inji zuwa jikin fuli, a yi zane, sa'an nan a sake dubawa. Idan layin ya rabu biyu, fuli ne ke zamewa, sai a ɗaure sukurunsa a kan gefen sandar da aka shafe domin haka. Idan layin bai rabu ba, a rage gudun na'urar da saurin tashinta, a kuma tura kan da hannu a hankali, na'ura tana kashe, a ji ko akwai inda yake cijewa. Amma idan gefunan murabba'in sun cika awo, awon gicciye biyu kuwa suka saɓa, to gadar ce ba ta zauna daidai ba, gefe guda ya riga ɗaya gaba.

Ta huɗu, harafi ya fito da inuwa, ko gefensa ya yi kamar haƙoran zarto. Abu biyu ke kawo wannan. Na farko bel mai sako-sako: duk lokacin da inji ya juya baya sai ya ɗan yi tafiyar banza kafin bel ya miƙe ya ja kan, kuma a nan ne da'ira ke kasa haɗewa. A ɗaure bel har ya daina lilo, amma kada a ja shi kamar tsirkiyar goge, domin yawan ɗauri yana cinye injin. Na biyu jinkiri ne tsakanin umarni da fitowar haske. Idan kan yana gudun milimita 300 a daƙiƙa, jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa zai goce da ɗigon milimita 0.3. Da yake layi ɗaya dama yake tafiya, na biye da shi kuma hagu, tazarar da ke tsakaninsu sai ta zama milimita 0.6, wadda ta isa ta ɓata ƙaramin rubutu. Don bambance su, a sa na'urar ta yi zane ta fuska ɗaya kawai, kuma a gwada gudu dabam-dabam. Tazarar da ke ƙaruwa da ƙaruwar gudu ta jinkiri ce, kuma manhajoji da yawa suna da wurin gyara ta.

Ta biyar, rubutu ya yi kauri da dishi-dishi. Hasken yana da tazara guda da yake fi tattaruwa, kamar yadda yaro ke matsar da gilashi har ya samu inda hasken rana zai ƙona takarda. Gilashin da aka fi amfani da shi yana tattara haske a nisan inci 2, wato milimita 50.8. Idan katakon ya lanƙwashe, wani sashe zai fito ras, wani ya dushe. Idan kuwa katakon a shimfiɗe yake amma kullum kusurwa guda ce ke dushewa, to madubai ne suka goce.

Ta shida ta shafi harshenmu. Sau da yawa ɓ da ɗ da ƙ sukan ɓace, ko su fito da siffar da ta bambanta da sauran haruffa, domin samfurin haruffan da aka zaɓa ba shi da su. A zaɓi samfurin da ke da haruffa masu ƙugiya, a kuma mayar da rubutun ya zama zane kafin a aika wa na'ura. Allon da ya ce "Dorawa" a madadin "Ɗorawa" yana koya wa yara kuskure har tsawon ransa.

Ƙura da zafi

A ƙasarmu hunturu babban abokin gabar wannan na'ura ne. Ƙura tana haɗuwa da mai da hayaƙin katako ta daskare a kan titin da kan ke bi, sai tafiya ta yi nauyi, inji ya fara rasa taki. A riƙa goge titin, a rufe na'urar bayan aiki, a kuma share gilashi da madubai da auduga mai tsabta da alkohol irin na ɗakin gwaje-gwaje. A lokacin bazara kuma ruwan sanyaya bututu yakan yi ɗumi, ƙarfin haske ya ragu a tsakiyar aiki. Masu ƙera na'urorin sukan ba da shawarar kada ruwan ya wuce digiri 25.

Kariya

Hasken na'ura mai bututu ba a ganinsa, domin tsawon zangonsa maikuromita 10.6 ne, idon ɗan Adam kuwa daga wajen 0.4 zuwa 0.7 kawai yake gani. Yana ƙona tantanin gaban ido. Shuɗin haske kuma yana ratsawa har tantanin bayan ido, wanda in ya ƙone ba ya komawa kamar da. Saboda haka kada a yi aiki da murfi a buɗe, kuma a sa tabarau da aka yi musamman domin irin hasken na'urar. Kada a bar ta tana aiki ba kowa, domin katako da kwali suna kamawa da wuta. Kada a ƙona robar PVC, wadda ake yin bututun ruwa da fatar roba da ita, domin tana fitar da iska mai guba da ke cutar da huhu, ta kuma sa ƙarfe tsatsa. A cire wuta kafin a sa hannu ciki, gyaran sashen lantarkin bututu kuwa a bar wa ƙwararre.

Kammalawa

Muna koya wa ɗalibai cewa a gwajin kimiyya abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, sauran a bar su yadda suke. Haka gyaran wannan na'ura yake. Wanda ya ɗaure bel, ya rage gudu, ya canza lissafin taki duk a zama ɗaya, ko ya dace bai san abin da ya yi magani ba. A ajiye littafi kusa da na'ura, a riƙa rubuta abin da aka canza da abin da aka gani, a kuma adana guntayen gwaji da kwanan wata a jikinsu. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allunan nan shida da muka ɓata suna nan a ɗakin gwaje-gwaje, da su muke fara wa sababbin ɗalibai darasin lura.