Jamhuriyar Benin: Ƙaramar ƙasa mai neman makamashi a wajen maƙwabta

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kamba, Gaya da Malanbil ya san kwalaben fetur ɗin nan da ake jerawa a bakin hanya a Jamhuriyar Benin, wanda mutanen can ke kira kpayo. Daga Nijeriya ake tsallakowa da shi. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai a watan Mayun 2023, nan take kuɗin kwalba ya yi tashin gwauron zabo a Kwatano, 'yan acaɓa suka ji a jikinsu. Wannan ya isa ya nuna mana irin dogaron da ƙasar ke yi da maƙwabtanta ta fannin makamashi.

Mahukuntan Benin sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka yi ta ƙulla yarjejeniyoyi. Tun 1968 suka haɗa gwiwa da Togo suka kafa hukumar lantarki ta CEB, wadda ta riƙa sayo wuta daga madatsar ruwa ta Akosombo da ke Gana. A 2007 aka jawo layin wuta daga Ikeja zuwa Sakete. Bututun gas mai tsawon kilomita 678 da ya tashi daga Nijeriya zuwa Gana shi ma ya yi reshe a Kwatano. Sannan a 2019 suka buɗe tasu tashar a Maria Gléta, mai ƙarfin megawat 127.

To amma wanda ya fi shafar mu shi ne bututun ɗanyen man Nijar, da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa tashar jiragen ruwa ta Seme, tafiyar kusan kilomita 2,000. Benin ba ta da ko ɗigo a cikin man, amma tana karɓar kuɗin wucewa da haraji.

Sai dai zo mu zauna, zo mu saɓa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai an rufe iyaka, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi. A watan Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon ya hana lodin man, sai da Sinawa suka shiga tsakani.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, a ƙarshen shekarar 2024 mai na ta kwarara ta ƙarƙashin ƙasa zuwa Seme, alhali gadar Malanbil na rufe. Buhunan albasa da masara kuwa sai a kwalekwale, ga kuɗin 'yan dako, ga na mai jirgi.