Dogaron da Ba a Gani Tsakanin Sassan Manhaja

Ranar 28 ga Fabrairun 2017, wani injiniyan Amazon ya shigar da umarni don cire 'yan sabobi kaɗan daga rumbun bayanai na S3 da ke gabashin Amurka. Ya yi kuskure wajen rubutawa, sabobin da suka fita suka zarce yadda aka so, shafukan intanet masu ɗimbin yawa da suka dogara da S3 suka tsaya cik kusan awa huɗu. Ɗan Adam ajizi ne, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne allon da kamfanin ke sanar da abokan ciniki matsala da shi ya ƙi sabuntuwa, domin shi ma a kan S3 ɗin ya dogara. Sai ta Twitter aka riƙa ba da labari.

Manyan kamfanoni yanzu sun fi son rarraba manhajarsu gida-gida: wannan sashe yana tantance mai shiga, wancan yana karɓar kuɗi, wani yana tura saƙo, kowanne yana kiran ɗan'uwansa kafin ya amsa. Lissafin kuwa ba ya ƙarya. Idan aiki ya rataya a kan sassa 30, kowanne yana tsaye kashi 99.99 cikin ɗari na lokaci, jimillar takan sauko zuwa 99.7, wato sama da awa biyu na katsewa duk wata. Mafi muni shi ne dogaron da ke zagayowa, inda makullin ɗaki yake cikin ɗakin da aka kulle. Haka ya faru da Facebook a Oktoban 2021: ya ɗauke tare da WhatsApp da Instagram kusan awa shida, kayan aikin gyaran ma suka tafi tare da su, sai da injiniyoyi suka taka har cibiyar sabobin.

Wasu za su ce a koma ga manhaja guda dunƙulalliya. Ga ƙaramin kamfani shawara ce mai kyau, amma inda ɗaruruwan injiniyoyi ke taɓa abu ɗaya, gyaran kowa sai ya jira na kowa, kuma dogaron bai ɓace ba, ɓuya kawai ya yi. Wasu kuma su ce ajiye madadin kowane sashe yana da tsada. Gaskiya ne, sai dai ba kowane sashe ke buƙatarsa ba. Wanda za a nema ranar da komai ya rushe shi ya cancanci kuɗin. Netflix ta ƙirƙiro Chaos Monkey, manhajar da ke kashe sabobinta da gangan a lokacin aiki don a gano wane ne ke faɗuwa tare da wane. Amazon kuwa, bayan abin da ya faru da S3, ta rarraba allon sanarwarta zuwa yankuna da dama.