Ko Ka Sauya Gurbi, Ko Ka Zauna A Benci

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, a ce yaro ya tashi tun yana firamare shi ne lamba tara a ƙungiyar unguwarsu. Shi ke cin ƙwallo, shi ake ɗauka a kafaɗa bayan an tashi wasa, har sunansa ya kai wata babbar makaranta ta ɗauke shi karatu kyauta saboda ƙwallon nan. Ya isa, ko kayansa bai gama kwancewa ba, sai mai horarwa ya kira shi ofis ya ce masa, "Daga gobe kai mai tsaron baya ne." To, me zai ce? In ya ƙi, karatun na iya salwanta. In ya yarda kuwa, an raba shi da abin da ya fi iyawa a duniya. Irin wannan tsaka-mai-wuya ce samari da yawa ke shiga kowace shekara a jami'o'in Amurka, kuma labarinsu na kawo muku yau.

Amma kafin mu yi nisa sai na yi bayani, domin ƙwallon da Amurkawa ke kira na ƙafa ba irin namu ba ne. Nasu dogo ne mai tsini biyu, kuma yawanci da hannu ake rungumarsa a ruga, ko a jefa. Kowane ɓangare mutum 11 ne, sanye da hular kwano da matashin kafaɗa kamar 'yan lifida. Tsakanin gida da gida yadi 100 ne. Masu kai hari ana ba su dama 4 su ci yadi 10, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa, wanda kuma ya kutsa da ƙwallo har gidan abokan karawa ya ci maki 6. Hanyar tsayar da mutum ita ce a kama shi a tiƙa da ƙasa, watau rabi gudu rabi kokawa. Mutanen Inugu ba za su rasa jin labarin wasan ba, domin ɗansu Christian Okoye, wanda ya tafi Amurka a 1982 yana mai jifan faifai, ya koma wannan wasa har ya fi kowa cin yadi da gudu a babbar gasar NFL a 1989.

Kada kuwa mai karatu ya ji an ce wasan jami'a ya ɗauka wasan yara ne. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000, wajen ninki biyu na filin Surulere a zamanin da yake tashe. Daga jami'o'in nan ne manyan kulob na NFL ke zaɓen 'yan wasa sau ɗaya a shekara, bi da bi, kuma matsayin da aka zaɓe ka shi ke nuna yawan kuɗin da za ka samu.

A wasan nan kowa da aikinsa, kuma aikin wani bai yi kama da na wani ba. Akwai ƙarti biyar masu yin katanga a gaba, akwai masu gudu su cafe ƙwallo, akwai masu tsaro da ke farautarsu. Sa'an nan akwai mutum guda da Amurkawa ke ce wa kwatabak, mu kuwa bari mu kira shi madugu. Shi ke sanar da dabarar da za a yi, shi ke karɓar ƙwallo da farko, shi ke duban yadda abokan karawa suka tsaya ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu ko uku wa zai jefa wa. In an ci, shi ake yabo, in an faɗi shi ake zagi, kuma shi ya fi kowa albashi.

Nan matsalar take. A makarantun sakandare, yaron da ya fi kowa iya wasa shi akan naɗa madugu. Jami'a kuwa tana kwaso fitattu daga garuruwa dabam dabam, sai ka ga madugai huɗu ko biyar sun haɗu a ƙungiya ɗaya, alhali ba a sarki biyu a gari ɗaya. Bugu da ƙari, tun daga 1994 har wajen shekara talatin, dokar hukumar wasannin jami'o'i, watau NCAA, ta hana kowace babbar jami'a ba 'yan wannan wasa fiye da 85 sukolashif. Saboda haka mai horarwa ba ya son ya ga yaro mai gudu yana cin abincin makaranta yana zaune a benci. Zai duba tsawonsa da faɗin kafaɗarsa da saurinsa, ya ce ga inda ka fi amfani.

Yaron kuma ba shi da bakin musu sosai. Daga 1973 zuwa 2012, sukolashif ɗin na shekara ɗaya ɗaya ne, sai an ga dama a sabunta. In kuwa ka yi fushi ka koma wata jami'ar, dokar wancan lokaci ta ce sai ka yi shekara guda cur ba ka shiga wasa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dai, an ce, dole ya yi masa aski.

Gaskiya ita ce, sau da yawa idon mai horarwa ya fi na yaron gani. Ga Lane Johnson, ɗan wani ƙaramin gari a jihar Texas. Madugu ne a sakandare, haka kuma a ƙaramar kwalejin Kilgore a 2008. Da ya zo Jami'ar Oklahoma sai aka mai da shi mai cafe ƙwallo na kusa da katanga, abin bai yi armashi ba, aka mai da shi cikin masu tsaro, nan ma shiru. A 2011 rauni ya buɗe giɓi a katanga, aka ce ya gwada. Mutumin da a da ake karewa, shi ne yanzu ke kare wani. Sai da ya yi ta cin abinci da ɗaga ƙarfe har nauyinsa ya kai wajen kilo 137, kuma gudun nan na madugu bai bar shi ba. A zaɓen 2013 shi ne mutum na huɗu da aka ɗauka a duk faɗin ƙasar, ya tafi kulob ɗin Philadelphia Eagles, ya ci kofin Super Bowl da su a 2018 da kuma 2025. Da ya kafe a kan maduganci, da wuya a ce yau wani ya san sunansa bayan mutanen garinsu.

Ba kowa ke dacewa haka ba. Braxton Miller na Jami'ar Jihar Ohio madugu ne na gaske, sau biyu a jere, 2012 da 2013, ana zaɓensa gwarzon masu kai hari na gasar yankinsu. Kafaɗar da yake jifa da ita ta samu rauni, ya rasa kakar 2014 gaba ɗaya, kuma a bayan idonsa ƙannensa biyu a ƙungiyar suka riƙe ragama har suka ciwo kofin ƙasa. Da ya warke ya tarar wurinsa ya cike, sai ya koma mai cafe ƙwallo a 2015. Kulob ɗin Houston ya ɗauke shi a 2016, bayan kaka biyu aka sallame shi. Aikin da wasu suka yi shekara goma suna koyo, shi a shekara guda aka so ya iya.

Duk waɗannan lissafin jiki ne da na dabara, ba wanda zai ga laifin kowa. Amma akwai wani sauyin gurbin da ba ruwansa da tsawo ko gudu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Shekaru da dama, manyan masu horarwa na Amurka, kusan dukansu Turawa, sun ɗauka cewa baƙar fata yana da ƙafa amma ba shi da kan da zai ja ragamar ƙungiya, kuma Turawan da ke cikinta ba za su bi umurninsa ba. Ba a rubuta wannan a kowace doka ba. Abin da ake yi kawai, in baƙin yaro ya zo yana madugu, sai a yaba gudunsa, a ce asara ce a bar irin wannan ƙafa tana tsaye wuri ɗaya, a tura shi cafe ƙwallo ko tsaron baya.

Marlin Briscoe madugu ne a Jami'ar Omaha. A 1968 kulob ɗin Denver ya ɗauke shi, amma a matsayin mai tsaron baya. Ya ce bai sa hannu ba sai an ba shi kwana uku ya gwada jifa, aka ba shi don a rabu da shi. Sai Allah ya sa madugun kulob ɗin ya ji rauni, mataimakansa suka kasa, dole aka waiwayo Briscoe. A kakar nan jifansa 14 suka kai ga ci. Duk da haka, da shekara ta zagayo aka shirya taron madugai ba a gayyace shi ba. Ya bar Denver ya koma Buffalo, ya koyi cafe ƙwallo, aikin da bai taɓa yi ba, ya ƙware har ya ci Super Bowl sau biyu da kulob ɗin Miami. Ya rasu a 2022, ba a sake damƙa masa ragamar wata ƙungiya ba.

Wanda ya ƙi sauyin ƙememe shi ne Warren Moon, kuma ina jin labarinsa zai fi shiga ran duk wanda ya taɓa barin garinsu don neman abinci. An haife shi a Los Angeles a 1956. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 7, ya tashi a hannun mahaifiyarsa, ma'aikaciyar jinya, tare da 'yan'uwansa mata shida. Da ya gama sakandare manyan jami'o'i suka neme shi, amma da sharaɗin ya bar maduganci. Shi kuwa a nasa ganin bai da girman jiki ko gudun da zai yi fice a wani gurbin, abin da Allah ya ba shi hannu ne da kai. Sai ya haƙura da manyan sunaye, ya shiga wata ƙaramar kwaleji a garinsu a 1974, har Jami'ar Washington, ƙarƙashin sabon mai horarwa Don James, ta yarda ta ɗauke shi a matsayin madugu.

Can ma bai sha da daɗi ba. Shekaru biyun farko ƙungiyar ba ta taka rawar kirki ba, 'yan kallon gidansu da kansu suna yi masa ihu, wasu har da zagin launin fata. James bai cire shi ba. A watan Janairu na 1978 Moon ya ja ƙungiyar zuwa babban wasan Rose Bowl, suka doke Michigan da maki 27 da 20, aka ba shi kyautar gwarzon wasan. Sai ka ce magana ta ƙare. Ina! Masu leƙen 'yan wasa na NFL suka sake zuwa da tsohuwar maganar nan, cewa ya yi tunanin sauya gurbi. Da ya ga haka sai ya ɗaure kayansa ya tafi ci-rani Kanada, garin Edmonton mai tsananin sanyi. Aka yi zaɓen 1978 zagaye 12, babu kulob ɗin da ya kira sunansa.

A Edmonton ƙungiyarsu ta ci kofin Kanada sau biyar a jere, daga 1978 zuwa 1982. Sa'an nan waɗanda suka ƙi shi suka zo suna rububinsa. A 1984 kulob ɗin Houston Oilers ya ba shi kwantiragin shekara 5 a kan kimanin dala miliyan 6, wanda a lokacin ba ɗan wasan NFL da ya kai shi. Ya yi kaka 17 a NFL, jifansa ya ci yadi 49,325, kuma a 2006 ya zama baƙar fata na farko cikin madugai da aka sa a zauren karrama gwarzayen wasan. Zakaran da Allah ya nufa da cara ke nan. Sai dai ni abin da nake tunawa shi ne shekaru shidan nan da ya yi a waje, da kuma sauran samarin da ba su da taurin kansa, suka ce to, aka tura su tsaron baya, ba a kuma taɓa sanin abin da hannunsu zai iya ba.

Yanzu dai igiyar ta ɗan sassauta. A 2018 hukumar NCAA ta buɗe rajista a intanet inda ɗan wasa zai sa sunansa yana neman wata jami'ar, ba sai mai horarwarsa ya yarda ba. A 2021 aka ɗage zaman shekara gudan nan ga mai sauya makaranta karo na farko, a shekarar kuma aka halatta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu ta hanyar talla. Saboda haka mai horarwan da ya ce wa yaro ya sauya gurbi yau, sai ya lallashe shi ya nuna masa hujja, in ba haka ba kafin wata kakar ya gan shi sanye da rigar abokan karawa. A watan Fabrairu na 2023 kuma, karo na farko a tarihi, madugan ƙungiyoyi biyun da suka kara a Super Bowl, Patrick Mahomes da Jalen Hurts, duka baƙaƙen fata ne.

Amma tsohuwar maganar ba ta mutu da wuri ba. Lamar Jackson na Jami'ar Louisville ya karɓi kyautar Heisman, wadda ake ba ɗan wasan jami'a mafi fice, a 2016 yana ɗan shekara 19. Duk da haka, gab da zaɓen 2018, Bill Polian, tsohon manajan kulob da ake jin maganarsa, ya fito ya ce kamata ya yi yaron ya koma cafe ƙwallo. Jackson ya ƙi. Har gwajin gudun yadi 40 da ake yi wa masu neman shiga NFL ya ƙi yi, don kada a sami abin kafa hujja da ƙafarsa. Aka yi ta tsallake sunansa a daren zaɓe, sai a lamba 32, ta ƙarshe a zagayen farko, kulob ɗin Baltimore ya ɗauke shi.

A kakar 2019 jifansa 36 suka kai ga ci, fiye da na kowa a gasar, ya kuma ci yadi 1,206 da gudu, abin da ba madugun da ya taɓa yi kafin shi. Alƙalai 50 da ke zaɓen gwarzon shekara duka shi suka zaɓa. Tun kakar ba ta ƙare ba, a watan Nuwamba, Polian ya fito ya ce ya yi kuskure. Jackson ya sake karɓar kambun a kakar 2023.