Na gaba idon na baya: yadda ɗalibai ke kama wa ƙannensu hannu a jami'a

Kowace shekara, bayan an bayyana sakamakon jarrabawar bak, samari da ƴan mata na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji sukan kama hanyar jami'a. A da sai Yamai, inda aka kafa jami'ar ƙasa a 1973. Amma tun 2010 Maradi ta samu tata, wadda a 2014 aka raɗa wa sunan Dan Dicko Dankoulodo, tsohon ministan ilimi.

Hanya ta rage tsawo, amma wuyar shekarar farko tana nan. A lise malami ya san kowa da sunansa. A jami'a kuwa yana bayani cikin faransanci gaban taron ɗalibai, kowa na rubuta abin da ya iya kamawa. Ga cika takardun rajista da na bursu, ga neman ɗakin kwana, ga jarrabawa a ƙarshen kowane zango cikin shekara 3 na lisansi. Ɗan manomi da babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu, wa zai tambaya? Baƙo ko da ido makaho ne. Sau da yawa rashin jagora ke kayar da yaro mai ƙwazo, kuma faɗuwarsa hasarar geron da uba ya sayar ce.

Maganin yana hannun ɗaliban da suka riga shi shiga. Yaya na shekara ta 3 zai nuna wa ƙane ofishin da ya dace, ya ara masa darussan bara, ya koya masa tsara lokaci. Abin da kunya ta hana a tambayi malami, ana tambayar yaya da Hausa. Yarinya ma takan fi sakin jiki da yayarta mace. Shi kuma yayan yana ƙaruwa, domin mai koyarwa yana bitar karatunsa ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantar allo gardi ke biya wa ƙolo. Haka kuma sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi musu gyara, ya yaɗu a jihar Maradi tun shekarun 1980 daga manomi zuwa manomi, har garin Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kansa.

Saboda haka muna kira ga magadan gari, shugabannin lise da ƙungiyoyin ɗalibai ƴan asalin waɗannan gundumomi, su tara sababbin masu bak da yayyensu tun lokacin hutun damana. A ba kowane yaya ƙanne kaɗan, waɗanda ke karatu iri ɗaya da nasa, su riƙa haɗuwa kowane mako. Ku kuma iyaye, kafin ɗanku ya hau mota, ku tambaye shi sunan wanda zai tarbe shi.