Wane Dillali Za Ka Nema In Za Ka Sayi Gida?

Darasinmu na yau a kan dillalin gida ne.

A Damagaram gidaje iri biyu ne, dillalai ma haka.

In gidan yana tsohuwar unguwa, kamar Birni ko Zango, sau da yawa gidan gado ne. Nemi dillali ɗan unguwar, wanda mai unguwa ya sani. Shi ya san magada duka. In magaji ɗaya bai yarda ba, shari'a tana jiran ka.

In gidan yana sabuwar unguwa, inda hukuma ta yanka filaye, nemi dillalin da ya san takardu. Ya raka ka ma'aikatar magajin gari, a duba lambar filin da sunan mai shi.

Ko wanne ka zaɓa, ku yanke la'ada tun kafin ciniki. Kuɗi kuwa, ka sa su hannun mai gida, gaban shaidu biyu.

Lura da lissafi: baki yana ƙirga dala, takarda tana rubuta tamma. Jika ɗaya dala 200 ce, wato tamma 1000.

Karanta sunanka da adadin kuɗin da idonka, sa'an nan ka sa hannu. Sai mako mai zuwa.