Dogara ga Shirin Allah

A wajenmu Kirista, dogara ga Allah ba zaman kashe wando ba ne. Ku dubi manoman gero na Maigatari. Sukan yi binne tun ƙasa tana bushe, ba su san ranar saukar ruwa ba. Wani lokaci irin ya lalace, su sake shuka.

Haka Annabi Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, su gina gidaje, su yi noma, gama sai bayan shekara 70 Allah zai komo da su gida.

Ni ma ina fargabar jarrabawar fita, amma nawa shi ne karatu da addu'a. Ko sakamako bai yi daɗi ba, Allah bai yashe ni ba.