Jirgin da ke shawagi a kan gonakin rake: abin da matuƙa ke gani, da abin da ya kamata iyaye su sani

Duk wanda ya tashi a Hunkuyi ko Likoro ko Tashar Yari ya san wannan ƙarar. Da hantsi, ana tsakiyar aiki a gonar rake ko ta tumatir, sai a ji wani gurnani daga sama. Kafin manya su ɗaga kai, yara sun watsar da wasa suna nuna ɗan ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yana tafiya a hankali, ya karkata, ya juya ya nufi Zariya. Da yawa daga cikinmu mun girma muna ɗaga masa hannu ba tare da mun taɓa tambayar wane ne a ciki ba. Galibi saurayi ne ko budurwa da ba su fi 'ya'yanmu shekaru ba, da malami a gefe, ana koya musu tuƙi.

Jiragen daga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya suke tasowa, wadda aka fi sani da NCAT, a Palladan kan hanyar Samaru. An kafa ta a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Ƙaramar hukumar Kudan tana maƙwabtaka da Sabon Gari inda kwalejin take, mutumin Makarfi ko Ikara kuma zai je ya dawo a yini guda. Duk da wannan kusanci, a gidaje da yawa idan yaro ya ce matuƙin jirgi yake son zama, dariya ake yi a ce wannan sai 'ya'yan manya.

Tarihin jirgi a ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin jirgin sama. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A 1936 filin jirgin Kano ya fara aiki, shi ya sa ake lissafa shi a matsayin mafi daɗewa a Najeriya. Daga baya 'yan kasuwar Arewa suka shiga harkar da ƙarfi: Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air, Alhaji Ɗahiru Barau Mangal ya kafa Max Air, kuma alhazai da yawa daga wannan yanki a jiragensu suka je Saudiyya.

Sha'awar ba ta tsaya ga masu kuɗi ba. A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Fiziks a Jami'ar Bayero, ya zaga duniya saboda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe, har ya ɗaga daga ƙasa. Yaron da ke ƙera jirgi da karan dawa da gwangwanin madara a ƙofar gida, irin wannan sha'awar ce a zuciyarsa.

Ranar da malami ya fita daga jirgi

Tambayi matuƙi ranar da ba zai manta da ita ba, mafi yawa ba za su ambaci babban jirgi ko doguwar tafiya ba. Ranar tashin farko ba tare da malami ba za su ba ka labari. Ɗalibi yakan kai wannan mataki bayan kamar awa 10 zuwa 20 yana tashi da malami. Wata safiya, bayan sun yi zagaye sun sauka sau biyu ko uku, malamin zai ce a tsaya, ya kwance ɗamararsa, ya fita, ya rufe ƙofa.

Abin da matuƙa suka fi tunawa shi ne sauƙin jirgin. Da nauyin mutum ɗaya ya ragu, jirgin yakan bar ƙasa da wuri, ya hau sama da sauri fiye da yadda ɗalibin ya saba. Zai kai ƙafa 1,000, ya zagaya filin, ya waiga dama ya ga kujera babu kowa. A nan ne yake gane cewa babu wanda zai sauke jirgin nan sai shi. Duka tafiyar mintoci kaɗan ce. A makarantu da yawa na duniya, idan ya sauko lafiya abokai kan tarbe shi da bokitin ruwa su jiƙa shi sharkaf, kuma wanda ya yi shekara 30 yana tuƙi ba ya manta ranar.

Bayan wannan sai tafiya daga gari zuwa gari, da taswira da kamfas da agogo. Ƙaramin jirgin koyo yana gudun kusan kilomita 200 a awa, don haka daga Zariya zuwa Kano bai cika awa ɗaya ba. Mai wannan tafiya a kan ƙasarmu yake bi. Alamominsa su ne titin Zariya zuwa Kano, da layin dogo, da duwatsu irin Kufena, da koguna irin Galma. Da rani, lokacin da daji ya bushe, fadamun rake da lambuna ne ke fitowa kore shar a tsakiyar jar ƙasa. Lissafin kuma ba ya yafiya: idan ka kauce da digiri ɗaya kacal, bayan kilomita 60 ka bar hanyarka da kilomita ɗaya.

Hazo, hadari da zafi

Abin da manomi ke dubawa da asuba, shi matuƙi ke dubawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe sararin Arewa. Ɗalibin da ke tuƙi da ganin ido yana buƙatar ya hango nisan kilomita 5, don haka idan ƙura ta yi yawa sai a yi kwanaki jirage na ajiye. Da damina kuma hadari ne abin tsoro, domin a cikin baƙin gajimaren nan akwai iska mai hawa da mai sauka da za ta iya rinjayar ko babban jirgi. Zafin Maris da Afrilu ma yana da nasa: iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Zariya kuma tana sama da ƙafa 2,000 daga teku, wanda ke ƙara wa lamarin. Shi ya sa ake son tashin sassafe.

Iyaye suna da dalilin fargaba. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja cikin mummunan yanayi, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo na cikin waɗanda suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ɗalibai suna karanta rahotannin irin waɗannan haɗurra a aji, layi-layi, don su san inda aka yi kuskure. Darasin da malamai suka fi nanatawa shi ne matuƙi ya iya cewa yau ba za a tashi ba, ko da fasinjoji na gunaguni, ko da mai kamfani na matsa masa. Rigakafi ya fi magani.

Tarbiyyar cikin jirgi

Akwai ɗabi'u biyu na matuƙa da kowane gida zai amfana da su. Ta farko ita ce jerin abubuwan dubawa. A 1935 wani sabon jirgin Boeing ya faɗi wajen gwaji a Amurka saboda ƙwararren matuƙi ya manta bai cire makullin linzami ba. Daga nan aka fara rubuta komai a takarda ana karantawa ɗaya bayan ɗaya. Har yau kyaftin mai furfura ba ya dogara da ƙwaƙwalwarsa kaɗai: a duba mai, a duba taya, a duba fiffike, kowace tafiya.

Ta biyun ta fi wuya ga ɗan Bahaushe. An tarbiyyantar da mu kada mu katse babba, kada mu gyara masa magana a gaban mutane. A cikin jirgi kuwa, idan mataimaki ya ga kyaftin zai yi kuskure, wajibi ne ya faɗa a fili, nan take. A 1977 jirage biyu suka yi karo a kan titin filin Tenerife, mutum 583 suka mutu, kuma bincike ya nuna cewa an nuna shakku a ɗakin tuƙi amma ba a dage ba har kyaftin ya tsaya. Tun daga lokacin kamfanoni ke horar da ƙananan matuƙa su yi magana, manya kuma su saurara. Yaron da aka saba masa a gida ya faɗi gaskiya cikin ladabi ba tare da tsoro ba, ya riga ya samu rabin wannan horo.

Hanyar da ake bi

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Hanyar tana farawa ne daga ajin kimiyya a sakandare: kiredit biyar a WAEC ko NECO, da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks. A nan yaran karkara da yawa ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba, saboda makarantar ba ta da malamin Fiziks ko ɗakin gwaji. Uban da ya ga ɗansa na da wannan buri, ya binciki wannan tun yaron yana aji uku na ƙaramar sakandare. Turancin ma ya zama na baki, domin da shi ake magana da hasumiya a duk duniya, kuma ana yi wa matuƙa jarrabawarsa.

Sai lafiya. Kafin a kashe ko kwabo, a kai yaro wurin likitan da hukumar NCAA ta amince da shi ya duba ido da kunne da zuciya da hawan jini. Sanya gilashi ba ya hana tuƙi idan yana gyara gani. Rashin bambance launuka, musamman ja da kore, shi ne ke dakatar da mutane da yawa, kuma wasu ba su san suna da shi ba sai ranar gwajin.

Lasisi hawa-hawa ne. Na tuƙin kai, wanda ba a karɓar kuɗi da shi, daga shekara 17 da aƙalla awa 40 a sama. Na kasuwanci daga shekara 18 da awa 200, ko 150 a wasu kwasa-kwasan da aka amince da su. Na zama kyaftin ɗin jirgin fasinja daga shekara 21 da awa 1,500.

Maganar kuɗi kuwa, gara a faɗe ta yadda take. Horon yana cin miliyoyin naira masu yawa, saboda kowace awa a sama mai ne da kayan gyara da ake saye da dala. Kuma lasisi ba ya nufin aiki ya samu. Kowane irin babban jirgi yana da nasa ƙarin horon, wanda sau da yawa sabon matuƙi ne ke biya da kansa, kamfanoni kuma sun fi son mai awoyi da yawa. Akwai matasa a Najeriya da suka gama suka yi shekaru a gida. Kada a sayar da gonar gado a kan lissafin cewa albashi zai fara zuwa washegarin yaye ɗalibai.

Akwai wasu ƙofofin. Gwamnatocin jihohi kan ɗauki nauyi, kamar yadda Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu. Akwai hanyar soja ta NDA a Kaduna, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin horo, kuma sojan sama na da makarantun koyon tuƙi a Kaduna da Kano. Sannan a cikin NCAT kanta ana koyar da injiniyancin gyaran jirgi, da kula da zirga-zirgar jirage daga hasumiya, da gyaran na'urorin sadarwa, da aikin ma'aikatan cikin jirgi. Kuɗinsu bai kai na tuƙi ba, kuma babu jirgin da ke tashi sai da sa hannun injiniya da izinin hasumiya.

'Ya'ya mata fa?

A Zariyar nan Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, ta zama mace ta farko a Najeriya da ta samu lasisin kasuwanci, daga baya ta dawo ta shugabanci kwalejin daga 2011 zuwa 2014. Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf a jiharmu ta Kaduna, ita ce mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a ƙasar. Yarinya daga Paki ko Gubuchi da ta iya Lissafi, jarrabawar da za a yi wa yayanta ita za a yi mata.

Abin da ke hannun iyaye da malamai a yau ba shi da tsada. Shugaban makaranta a Ikara ko Makarfi zai iya rubuta wa kwalejin takardar neman izinin kai ɗalibai ziyara, a cika mota ɗaya a je a ga jirgi ido da ido, a taɓa fiffikensa, a yi wa matuƙi tambaya. Gani ya kori ji. Ƙungiyoyin ci gaban gari da ke tara kuɗin gyaran masallaci da rijiya za su iya neman yaro ɗaya haziƙi su tsaya masa, ko su matsa wa wakilansu a kan gurbin tallafin karatu. Idan kuma gobe da hantsi jirgin nan ya wuce, ɗanka ya daɗe yana kallonsa har ya ɓace, ka kira shi ka tambaye shi nawa ya ci a Lissafi a zangon da ya wuce.